Saifa a Garken Baba

Hantsi bai gama dubawa ba, Auta tana tsugune gaban firjin ofishin kula da dabbobi tana jera kwalaben allurar rigakafi. Waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa ta jawo su gaba, sababbi ta tura baya, yadda babban likita yake so. Shi ya tafi taro tun jiya, ya bar mata makulli da babur da tarin takardu. Wata takwas ke nan da ta gama makarantar lafiyar dabbobi aka ɗauke ta mataimakiya, kuma har yanzu yawancin aikinta bai wuce wanke sirinji da ɗura wa awaki maganin tsutsa ba.

Wayarta ta yi ƙara. Babban wansu ne, wanda shi kaɗai ya rage a ruga tare da iyayensu. Su biyar aka haifa. Uku na tsakiya duk sun ɗan taɓa makaranta sun watse, ɗaya yana haya da babur, ɗaya yana gyaran waya a bakin tasha, yayarta mace tana ɗinki a wani gari mai nisa. Yaya ne bai taɓa zama a aji ba, domin lokacin da aka fara sa yara, shi ya riga ya zama ƙafafun Baba a bayan shanu.

"Malama likita, an tashi lafiya?" Haka yake tsokanarta kullum.

"Lafiya lau, Yaya. Ya su Inna? Ya shanu?"

"Shanu dai ga su nan. Maganin kumburin ciki nake so ki aiko mana in kin samu mai zuwa. Biyu sun faɗi da safen nan."

"Sun faɗi kamar yaya?"

"Sun faɗi dai. Jiya ƙalau suka dawo, har jar nan tana tunkuɗe 'yan uwanta. Gari na wayewa sai rawar jiki, sai ƙasa. Allah ya taimaka mun riske su da wuƙa kafin rai ya fita. Mun feɗe ɗaya, muna kan ta biyu. Mahauci zai zo da mota in rana ta take."

Auta ta rufe firjin a hankali. "Jinin fa, Yaya? Ya ka ga jinin?"

"Jini kuma? Baƙi ne wuluk kamar tsohon man inji. Ya ƙi daskarewa ma, har yanzu ɗiga yake ta hanci."

Ta tuna ranar da malaminsu ya zo kan wannan darasi, ya ajiye alli, ya ce su rufe littafi su dube shi. Ya ce in saniya ta kwana lafiya ta tashi matacciya, jini baƙi yana fita ta hanci da baki ya ƙi daskarewa, to kada wanda ya kuskura ya sa mata wuƙa. Cutar saifa ce. Tana kashe shanu, tana kashe mai fiɗa, tana kashe mai ci, kuma jinin da ya zuba a ƙasa ba ya mutuwa.

"Yaya, don Allah ku ajiye wuƙaƙen nan. Kada kowa ya ƙara taɓa naman. Ka ji ni? Ga ni nan zuwa."

Ta ji yana dariya yana gaya wa wani a gefe cewa likita ta ce a ajiye wuƙa. Sai layin ya yanke.

Ta kira babban likita sau uku, wayarsa a kashe. Ta rubuta masa saƙo, yatsunta suna kuskure haruffa. Ta zuba safar hannu da allurai da duk kwalaben da ta ga za su yi amfani a akwatin ƙanƙara, ta ɗaure shi a bayan babur, ta kulle ofis. Sai da ta hau titi ta lura da silifas ta fito, takalman roba suna can bayan ƙofa. Ba ta koma ba.

Tafiyar awa biyu ce, rabi kwalta, rabi turɓaya. Duk tsawon hanyar abu ɗaya take roƙo, Allah ya sa ta yi kuskure. Ai wata takwas kacal gare ta a aiki. Wataƙila guba suka ci a ciyawa, wataƙila maciji ne. Ta gwammace ta isa a yi mata dariya har shekara.

Ungulaye ta fara hangowa, sun jeru a kan busasshiyar bishiyar bayan garke. Da ta kashe babur sai ƙarar ƙudaje ta cika mata kunne. An shimfiɗa ganye a inuwa an jibge naman saniyar farko a kai. Ta biyu tana kwance rabi a feɗe, cikinta a buɗe. Ƙasar wurin ta jiƙe baƙi ƙirin, kuma kaji suna ta tsattsaga a ciki.

Baba yana zaune a kan turmi da ya kife, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa. Gwiwoyin ne suka zaunar da shi shekara uku da suka wuce. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida Inna da ta fito da wuƙar yanka a hannu, sannan ta sa safar hannu biyu biyu ta matsa kusa da gawar. Ba ta taɓa ba. Da tsinke ta ɗaga tumbin, ta ga saifar. Saifar saniya mai lafiya siririya ce kamar harshe. Wannan ta kumbura ta yi uku, baƙa, tana neman narkewa da kanta.

Ta miƙe ta fuskanci Baba.

"Baba, cutar saifa ce. Naman nan ba zai ciwu ba, ba zai sayu ba. Ƙone shi za a yi, da fatun, da ganyen, a haƙa rami a binne tokar. Kuma dole in sanar da ofis a killace garken."

Baba ya dube ta daga silifas ɗinta har zuwa ɗankwali.

"A killace," in ji shi. "Ke ce za ki kira mana su?"

"Baba, ka yi haƙuri, doka ce. Ko ba doka ba ma..."

"Shekara sittin ina bayan shanu. Na ga ciwon huhu, na ga na baki da kofato, na ga shekarar da ƙasa ta ƙone muka riƙa sare musu ganye. Ke shekara nawa kika yi a ɗakin karatun?"

"Biyu, Baba."

"Biyu." Ya juya ga Yaya, wanda yake tsaye da wuƙa, rigarsa mai dogon hannu ta ɓaci da jini. "Ka ji. Biyu."

Yaya bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Auta, kin san abin da killacewa take nufi kuwa? Ba mu kaɗai ba ne. Duk rugagen da ke shan ruwa a fadamar nan za a hana su kasuwa. Ke za ki hau babur ki koma gari. Mu ne za mu zauna da mutane."

"In naman nan ya shiga kasuwa, mutane za su mutu, Yaya."

"Mu ba mu mutu ba."

Ta juya ta dube shi. "Ban gane ba."

Inna ce ta amsa, muryarta ƙasa ƙasa. "Ai wannan ba su ne na farko ba, 'yar nan. Kwana biyar ke nan wata karsana ta faɗi haka. Yayanki ya feɗe ta, muka dafa, sauran na shanya. Na dafa shi sosai fa, har ya rabu da ƙashi."

Auta ta dubi Inna, ta dubi Baba, tana neman alamar ciwo a fuskokinsu. Sannan idonta ya tsaya a kan Yaya. Rana ta take, zufa tana tsiyaya daga goshinsa, amma ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa na dama kawai ya naɗe. Na hagu a rufe yake har wuyan hannu, kuma ya cika rigar tam kamar an hura.

"Yaya, naɗe hannun nan in gani."

"Ba komai ba ne. Ƙwaro ne ya cije ni."

"In ba komai ba ne, naɗe."

Ya ƙi. Sai da Inna ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, sannan ya ajiye wuƙar ya ja rigar sama da ƙyar. Hannun ya kumbura tun daga yatsu har gwiwar hannu, fatar tana sheƙi. A tsakiyar damtsen akwai gyambo kamar faɗin murfin kwalba, tsakiyarsa baƙi kamar gawayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi.

"Ba ya zafi," in ji shi da sauri. "Wallahi ko kaɗan. Ƙaiƙayi kawai."

Wannan maganar ce ta fi komai tsorata ta, domin haka aka koya musu, gyambon saifa ba ya zafi. Ta kai bayan hannunta wuyansa. Jikinsa kamar garwashi.

Ana cikin haka suka ji ƙugin mota. Mahauci ne, wani dattijo mai tumbi da yawan barkwanci, wanda ya shekara da shekaru yana sayen dabbobin da suka karye ko suka tsufa a rugage. Ya diro yana washe baki.

"Maigida, an ce yau ka tuna da talakawa! A'a, har da likita a gida? To madalla, sai ta buga mana hatimi mu wuce."

Auta ta tsaya tsakaninsa da naman. "Baba mahauci, kafin ka ɗora komai a motar nan, zo ka dubi saifar."

Ya matso yana murmushi, ya leƙa. Murmushin ya gushe. Ya ja da baya taku uku, ya dubi ƙasan takalmansa, sannan ya hango hannun Yaya da yake a buɗe. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Maigida," ya ce, "wanda ya koya mini sana'ar nan, wannan ce ta kashe shi. A wuya ta fito masa. Ranar farko yana ta yi mana dariya yana cewa kunama ce. Ranar ta huɗu wuyan ya kai faɗin kansa, numfashi ya gagara. Ni na riƙe shi. Ko kyauta ka ba ni naman nan, ba zan taɓa ba. Yaron nan kuma in ana son sa, yanzu za a tafi da shi."

Baba ya daɗe yana kallon mahaucin. Abin da 'yarsa ta faɗa da takardar shaida a jaka bai shige shi ba, sai da ya ji daga bakin mai wuƙa irinsa. Auta ta lura da haka, amma ba ta da sararin jin haushi.

"Tashi ka bi shi," Baba ya ce wa Yaya.

"In na tafi wa zai kai shanu ruwa? Tun safe suke a garke ba su sha ba. Kai ne za ka bi su da gwiwar nan, ko Inna? Ko in kira mai gyaran waya ya rufe shago ya zo?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kowa an kai shi makaranta. Sai yau aka tuna shanu ba sa kiwon kansu."

"Ni zan kai su," in ji Auta.

Ya dube ta. "Ke? Rabonki da sanda shekara nawa?"

"Tara. Shiga mota, Yaya, don girman Allah."

Ta yage takarda ta rubuta sunan cutar da manyan haruffa, da ranar da ya yi fiɗar, ta ba mahauci ta ce ya miƙa wa likitan asibiti hannu da hannu, kada ya yarda a sa su layi. Inna ta ɗauko mayafi za ta bi su, Auta ta ce ta je, ita ma a duba ta, a kuma karɓo wa Baba magani. Yaya ya hau gaban motar yana riƙe da hannun kamar jariri. Har motar ta juya yana leƙowa ta taga yana faɗa mata abubuwa, wai ta kula da baƙin bijimin, wai mai karyayyen ƙaho tana da ciki kada a kore ta da gudu. Ƙura ta haɗiye sauran maganar.

Suka rage ita da Baba da shanu arba'in da ɗaya da suke ta kuka a garke.

"Ina suke kiwo kwanakin nan?" ta tambaya.

"Fadama. Ruwan bana ya yi ambaliya ya kwashe gaɓar, da ya janye sai ciyawa ta fito kamar an shuka."

Nan ta gane. Wata dabba mai cutar ce aka binne a gaɓar nan, wataƙila tun kafin a haife ta, ruwa ya tono ƙasar ya baza. Ciyawar da suke murna da ita, ita ce take kashe su.

"Ba za su ƙara taka fadama ba, Baba. Rijiyar burtsatse ta bakin hanya zan kai su."

"Ba su san hanyar can ba. Ƙishirwa kuma ta san hanyar fadama."

Ta sa tsofaffin takalman robar Yaya da suka yi mata yawa, ta ɗauki sandarsa, ta zare itacen ƙofar garke. Da farko abin ya yi kamar zai yiwu. Shanun suka fito a jere, ta bi gefensu tana kaɗa su hagu. Ta gwada kiran da ta sani tana yarinya, amma abin da ya fito daga maƙogwaronta siriri ne, baƙo, ko kunne ba su kaɗa ba. Da suka kai inda hanya ta rabu biyu, iska ta kaɗo ƙanshin danshi daga fadama. Baƙin bijimin ya ɗaga kai ya shaƙa. Ya juya dama, garken duka ya juya da shi, suka fara sassarfa.

Auta ta ruga. Takalmi ɗaya ya fice, ba ta tsaya ba. Ta yanke ta cikin ƙaya ta sha gabansu daidai inda gangaren fadamar ya fara, ta tsaya ta ware hannuwa da sanda tana ihu. Bijimin ya tsaya taku biyar daga gare ta. Bai san ta ba. Warin magani da sabulun gari take yi. Ya sunkuyar da kai, ya tona ƙasa da kofato, sauran suka taru a bayansa suna turo shi. Tana ganin jan da ke cikin idonsa, tana jin hucinsa a ƙafarta. Ta san in ta matsa gefe sun wuce, gobe a wayi gari da gawa goma. In ta tsaya kuma, ƙahon nan ya fi tsawon hannunta. Fitsari ya kusa kufce mata, amma ba ta matsa ba, ko don tsoron ya hana ta motsi ne, ita ma ba ta sani ba.

Sai wani kira ya taso daga baya, mai kauri, mai tsawo, yana karyewa a ƙarshe. Baba ne. Ya biyo su yana dogara sanda yana jan ƙafa har ya kai mararrabar, ya riƙe kututture, ya buɗe murya irin yadda bai yi ba shekara uku. Tsofaffin shanun suka fara waiwayawa. Mai karyayyen ƙaho ta juya ta nufe shi, wasu suka bi ta. Bijimin ya ƙara huci sau ɗaya, ya kaɗa kai, ya bi sahu.

Haka suka kai su burtsatse, Baba a gaba yana tafiya kamar zai faɗi yana kira, ita a baya da takalmi ɗaya. Ita ta riƙa buga famfon har tafin hannunta ya yi ƙuraje. Da ta ga ƙurajen sai gabanta ya faɗi, ta tsaya tana jujjuya hannun a rana, sai da Baba ya ce, "Na famfo ne, Auta. Buga."

Da suka dawo da la'asar ta tara itace a kan gawarwakin, ta kwaso naman da Inna ta shanya da fatar karsanar, ta zuba kananzir ta kunna, sannan ta haƙa ramin binne tokar. Ta kama kajin da suka yi tsattsaga a jinin ta kulle su a akurki. Baba yana zaune yana kallon hayaƙin.

Washegari da hantsi babban likita ya iso da mota da ma'aikata uku da buhunan farar ƙasa ta kashe ƙwayar cuta. Ya ga saƙonta bayan taro. Ya duba abin da ta yi, ya ce a faɗaɗa ramin, ya ce ta manta da igiyoyin da aka ɗaure shanun da su, su ma a ƙone. Aka yi wa garken allura, aka zagaya rugage shida na kewaye, aka hana fitar da ko akuya har kwana ashirin. Kafin rana ta faɗi labari ya gama ko'ina cewa 'yar gidan ce ta kira hukuma. Matan da suka saba shigowa gaida Inna suka ɗauke ƙafa. Wani maƙwabci da ya shirya kai bijimai kasuwa ya tsaya daga bayan shinge ya ce wa Baba, "Ka ga amfanin karatun ke nan."

Babban likita ya bar ta a rugar ta sa ido. Kowace safiya takan shiga garke kafin ta wanke fuska, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana duban wadda ta ware kanta, wadda ta daina tuƙa, wadda fatar kafaɗarta take rawa. Allura ba ta kama jiki sai bayan kwanaki, ta san haka, saboda haka kowace saniya da ta kwanta hutawa sai zuciyarta ta tsinke. Rana ta biyu maraƙi ya faɗi. Rana ta huɗu mai karyayyen ƙaho ta faɗi da cikinta. Baba ya zaro wuƙa bisa sabo, ya tsaya a kanta tana shure-shure. Ya mayar da wuƙar kube, ya juya baya har ta gama.

Daga asibiti kuwa labarin bai yi daɗi ba da farko. Wanta mai babur ne yake jinya, shi yake kira. Ya ce kumburin ya haye kafaɗa ya fara taɓa ƙirji, Yaya yana sambatu yana kiran shanu da sunayensu, likitoci sun ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai haƙuri. Auta ta riƙa ɓoye wa Baba rabin abin da take ji. Shi ma ta lura ba ya tambaya, sai dai duk lokacin da ta ɗaga waya yakan daina abin da yake yi ya zuba wa bakinta ido. Sai rana ta shida aka ce zazzaɓin ya sauka, ya nemi abinci, har ya tambaya ko an gyara shingen gabas. Auta ta zauna a ƙasa a tsakiyar garke ta yi kukan da ta riƙe tun ranar farko. Inna da Baba kuwa Allah ya tsare, dahuwar da maganin sun yi aiki.

Shanu biyar suka rasa gaba ɗaya. A rugar maƙwabcin nan mai bijimai, tara suka faɗi, domin ya saci hanya ya mayar da su fadama kwana biyu bayan allura. Bai zo ya ba da haƙuri ba, amma ya aiko a tambayi Auta yadda ake haƙa ramin.

Yaya ya dawo bayan mako uku, ya rame, hannun a naɗe, yatsun ba sa dunƙulewa sosai. Ya zagaya garken shiru, ya tsaya a inda mai karyayyen ƙaho take kwanciya. Da ya dawo inuwa ya ce wa Auta, "An ce kin tare baƙin bijimi da takalmi ɗaya."

"Tsoro ne ya kafe ni."

"Ni ma da shi nake tare shi," in ji Yaya. Bai kira ta malama likita ba, bai kuma yi godiya ba. Ya dai matsa mata ta zauna a tabarmarsa.

A ranar ne Baba ya yi tambayar da yake ta kewayewa. "Fadamar nan, yaushe za ta warke? Baɗi?"

"A'a, Baba."

"Shekara biyar?"

Ta sunkuyar da kai. "An ce tana kai shekara hamsin a ƙasa. Wani lokaci fiye. Ko da allura duk shekara, ni dai ba zan so su koma ba."

Shekara ashirin da biyu suka yi a wurin. Saboda fadamar suka daina yawo suka kafa bukkoki, saboda zaman ne ma aka samu sa yara a makaranta. Babu fadama, babu abin da zai riƙe shanu a nan da rani. Baba ya ce za su tashi, akwai wani ɗan uwansa tafiyar kwana huɗu gaba, inda ƙasa take da tudu. Yaya ya ce zai kai su, zai kuma ba abin damina ɗaya ya gani. In hannun bai dawo daidai ba, mahauci ya ce yana neman mai zaɓo masa dabbobi a kasuwa, wanda ya san lafiyayya da ido. Baba ya ji, bai ce a'a ba.

Ranar tashi, ofis ya aiko da allon ƙarfe a kafa a gangaren fadama. Auta ta haƙa rami ta kafa shi, Baba yana tsaye yana dogare da sanda. Ciyawar ta yi kore shar har bakin ruwa, iska tana kaɗa ta.

"Karanta mini," ya ce.

Ta karanta: an hana kiwo da shayar da dabbobi a wannan wuri saboda cuta mai kisa, da umarnin hukuma.

Ya jinjina kai. "Ya yi kyau. To amma wa zai karanta? Mai karatu ba ya zuwa nan da shanu. Wanda zai zo irina ne, ya kwaso yunwa daga nesa, ya ga ciyawar nan ya ce Allah ya ba shi."

Auta ba ta taɓa tunanin haka ba, babban likita ma bai yi ba.

Baba ya ce ta miƙo masa adda. Tare suka sare ƙaya, shi yana sara daga tsaye, ita tana ja, suka toshe duk hanyoyi uku da shanu suke gangarawa, tsayin ƙirji. Sai da rana ta yi sama suka gama, hannuwansu duk sun yage.

"Ƙaya ma shekara biyu ce ta ruɓe," in ji shi yana haki. "Ki riƙa zuwa kina sabuntawa, tunda ke ce kusa. Ni kuma duk makiyayin da na gamu da shi a hanya zan gaya masa da baki."

Ta ce to. Suka hau gangaren a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunsa, zuwa inda Yaya da Inna suka gama ɗaura kaya suna jiransu.